Kwanon zogalen da Baba ya mayar

Babana mahauci ne a Parakou, ɗan mahauci, jikan mahauci. Ba a daɗe da tafiyar Faransawa ba ciwon suga ya kama shi. Lokotoro a asibiti ya ɗora shi kan abin da ya kira rejim: ba tuwo, ba sakwara, ba koko, ba fura. Ya ci nama da ƙwai, ya ci ganye da yawa, ya yi ta shan ruwa. Inna tana wurin, da kunnenta ta ji. Amma Baba nama kawai ya ɗauko ya kawo gidanmu a unguwar Guéma, sauran maganar ya bar ta a ƙofar asibiti.

A gaskiya da farko ya so ya gwada. Inna ta aika masa da kwaɗon zogale kasuwa, ya buɗe kwano a gaban abokan sana'arsa. Wayyo, da ma bai buɗe ba! Wani dogo mai teburi kusa da nasa ya ce, “Ikon Allah! Mai yanka akuya ya koma cin abincin akuya?” Duk layin mahauta ya ɗauki dariya. Baba ya rufe kwanon, ya mayar da shi gida ko loma bai kai baki ba. Ruwa ma ya rage sha, wai fitsari yana tashinsa daga teburi, yana karya masa alwala.

Nama safe, nama dare, ba ganye ba ruwa. Ciki ya ɗaure. Inna a buta ta gane: zai shiga bayi ya daɗe, ya fito yana gumi, buta cike kamar yadda ya shiga da ita. A gidanmu kuwa wa ya isa ya tambayi mai gida labarin bayan gidansa?

Lokacin ina aure a Djougou. Inna ta aiko direban motar shanu ya gaya mini abin da ake ciki, shi ma a kaikaice, yana kallon ƙasa. Da Baba ya zo sayen shanu Pélébina, kusa da mu, ya biyo ta gidana, na yi masa miyar kuɓewa da zogale, na cika ta da nama don in yaudare shi. Ina kallo yana tsamo tsoka, yana karkaɗe ganyen a bakin kwano.

Na ce, “Baba, a ɗan taɓa miyar mana, tana sassauta jiki.”

Ya ɗago ya dube ni. “Wa ya ce miki jikina a ɗaure yake?”

Ya wanke hannu, ya sa mini albarka, ya fita yana dafe da mara. Na tsaya a tsakar gida ina jin kamar in fasa ihu. Har yau haushin wannan kunya tamu bai bar ni ba, kunyar da ta yarda mutum ya mutu amma ba ta yarda a ce kashi ya gagare shi ba.

Bai daɗe da komawa Parakou ba cikin ya kumbura, ya yi tauri kamar ganga. Sai da ya fara amai aka kai shi asibiti. Hanji ya toshe. Aka yi masa aiki, amma jikin mai suga ya ƙi warkewa.

Ranar sadaka mahauta suka cika ƙofar gidanmu, suna yabonsa: namijin duniya, bai taɓa cewa wash ba. Ni na yi girkin ranar, kuma da gangan na yi tuwo da miyar kuɓewa da zogale. Suka cinye tas, har da suɗe kwano. Dogon nan mai maganar akuya ya leƙo zaure ya ce, “'Yata, miyar nan ta yi daɗi. Akwai ƙari?”

Na ƙara masa.