Fitilar Injiniya da Hannun Yaya

Babu mai kiransa da sunan yanka. Injiniya ake ce masa, ko da yake ko ƙofar jami'a bai taɓa leƙawa ba. Shekara talatin da 'yan kai yana gyaran firiji a wani shago mai ƙofa ɗaya, cike da matattun injuna da bututun jan ƙarfe. Kuma a faɗi gaskiya, mutumin ya iya aikinsa. Shagon nan da wannan suna su ne duk abin da ya mallaka, ga iyali bakwai suna ci daga ciki.

Abin taƙamarsa wata 'yar fitila ce da ya gada wurin maigidansa, mai shuɗin harshen wuta da guntun tiyo a gefe. Idan firiji na yoyon gas, sai ya kunna ta ya bi bututu da bakin tiyon. Da an zo inda gas ke fita sai wutar ta koma koriya shar. Nan zai dubi mai firiji ya ce, “To, ga ɓarawon naka.”

Ana nan sai hukuma ta hana shigo da tsohon gas, wai yana huda rufin da ke can sama yana tare mana dafin rana. Aka kawo sababbi, ciki har da wani mai kama wuta kamar gas ɗin girki. Aka kira masu gyara horo na kwana uku, aka ce wanda bai da takardar horon kada ya taɓa mai kama wutar, in ya taɓa a rufe shagonsa.

Maƙwabcinsa mai gyaran esi, na'urar sanyaya ɗaki, ya je. Da ya dawo ya ce, “Injiniya, don girman Allah rataye fitilar nan. Zamaninta ya wuce.”

“Zamanin gidanku ne ya wuce,” in ji shi yana dariya. “Ni za a zaunar a benci? Malamin naku, ranar da na fara riƙe sifana ko yaye shi ba a yi ba.”

Girman kai dai rawanin tsiya ne, kuma Injiniya ya naɗa shi har da kunnuwa.

Yana da yaya mace, wadda ta goya shi bayan rasuwar uwarsu. Mijinta ya rasu, sai ta sayi sabuwar firiza mai murfi a sama, tana ɗaura ruwa a leda ya daskare ta sayar. Wata ranar Talata da hantsi tana ɓamɓare ƙanƙara da wuƙa, sai ta soki bangon firizar ta ciki. Ta ji wani huci yana fita, ta yi maza ta rufe murfin, ta aika a kira mata ƙaninta. Wa kuma za ta kira?

Ya zo da fitilarsa a jaka. A bayan firizar akwai 'yar takarda rawaya da zanen harshen wuta. Ya gan ta. Wallahi ya gan ta, har ya goge ƙurar kanta da babban yatsa. Amma a ransa ya ce ai Turawa ko a kwalin ashana sai sun liƙa gargaɗi. Ya ƙyasta ashana, ya kunna fitila.

“Yaya, ɗaga min murfin.”

Ta ɗaga da hannun dama ta riƙe. Shi kuwa gas ɗin duk ya kwanta a cikin firizar, bai samu hanyar fita ba. Injiniya ya sunkuyar da fitila ciki.

Sai ji aka yi fuu! Wuta ta yi sama. Shi ya faɗi da baya, gashin gira kawai ya rasa. Ita kuwa hannun rigarta ne ya kama, yadin roba, ya narke ya liƙe a fata. Kafin ya naɗe ta da bargo, aikin gama ya gama. Yatsu uku suka ƙage, har yau ba sa lanƙwasuwa.

A asibiti shugaban ƙungiyar masu gyara ya zo da wani jami'in hukuma riƙe da biro. Jami'in ya tambayi yadda aka yi. Injiniya na tsaye jikin gado, ya san shago ya tafi.

Yaya ce ta riga shi. “Laifina ne, ranka ya daɗe. Risho na bari a kunne kusa da firizar. Shi wannan bawan Allah cetona ya zo yi.”

Rishon da ya yi sati babu ko ɗigon kananzir a ciki! Jami'in ya rubuta, ya ce Allah ya kiyaye gaba. Injiniya ya ji, ya yi shiru. Wannan shirun ya fi wutar cin ransa.

Bayan wata biyu ya je horon, ya zauna a bencin baya. Ya karɓi takarda, ya jefa ta a aljihun tebur.

Sau ɗaya ya gwada. Ya ce, “Yaya, zan faɗa musu gaskiya.”

“Ka faɗa su rufe shagon, sai yatsun su dawo?” in ji ta. “Yaranka su ci me? Ni ɗaura min ledar nan, rana na yi.”

To, shekara shida ke nan kullum da safe, kafin ya buɗe shago, yana tsakar gidanta a kan 'yar kujera yana ɗaura mata ledojin ruwa, don hannu ɗaya ba ya ƙulli. Mata masu zuwa sayen ƙanƙara kan tsaya su kalle shi.

“Kai, Allah ya ba mu ƙane irin Injiniya!”

“Amin,” in ji Yaya, da ƙarfi, ba ta ko duban inda yake.

Shi dai kansa na ƙasa yana ƙulli. Har yau bakinsa ya kasa cewa amin.