Idon Gwaggo Nabawiyya da Kasaken Madara

Shekara biyu ke nan da rasuwar Gwaggo Nabawiyya, kuma har yau in na ga matan layinmu sun ɗauko man shanu za su kasuwar Talata suna rangaji, sai in kau da kai. Ba zan ɓoye ba, haushinsu nake ji. Ina kuma jin haushin kaina, za ku ji dalili.

Ƙanwar babana ce. Mijinta Shahata ya rasu bayan shekara tara da aurensu, Allah bai ba su haihuwa ba. Ya bar mata ɗaki biyu, da gamusa ɗaya, wato ɓaunar gida da muke tatsa kamar saniya, baƙa wuluk mai cika bokiti da madara, da tanderun ƙasa a tsakar gida. Da wannan tanderun ta ci abinci shekara talatin, don ita ke gasa wa rabin layinmu gurasa. Gajeruwa ce, hannuwanta duk tabon ƙuna, wuta ta cinye mata gira tuntuni. Hayaƙin karan auduga kuma ya sa idonta na hagu ya ƙanƙance, kullum kamar tana leƙa abu ta kafar ƙofa. Bakinta ba ya da linzami. In ƙullinki bai tashi ba za ta faɗa miki a gaban kowa, har da surukarki.

A ƙauyenmu madara ita ce rufin asirin mace. A tatsa da safe, a tace, a zuba a kaskon ƙasa, a rufe, a ajiye a ɗaki mai sanyi kwana biyu. Mai ya taso sama a kwashe a kaɗa, na ƙasa a yi cuku a kan tabarmar kara. Ranar gashin gurasa kuwa kowace mace kan zo wurin Gwaggo da kasakenta wankakku. In an fitar da gurasar ƙarshe, wuta ta lafa, sai ta jera su a kife cikin tanderun har la'asar. Ta fito da su ɗaya bayan ɗaya tana ƙwanƙwasawa da ƙumba. Wanda ya yi ƙara ras ta miƙa wa mai shi, wanda ya yi dum ta mayar. Ba wadda ta taɓa tambayar dalili. Mun ɗauka shanya ce kawai, don haka muka tarar iyayenmu na yi.

Sai aka yi gobarar da ta ci rufin gida shida, saboda karan da ake tarawa a sama. Kowa ya share rufinsa. Aka rushe tanderun ƙasa gida gida, aka sayo na ƙarfe mai aiki da gas, masu son jiki kuma suka koma karɓar gurasar gwamnati da kati. Cikin shekara ɗaya ba mai kiran Gwaggo gashi. An ci moriyar ganga an ya da kwaurenta. Ita kaɗai ta bar nata tanderun, tana hura shi sau biyu a mako don gurasarta da kasakenta huɗu.

Lokacin ina gidan mijina Ragab, a ƙarƙashin uwarsa Hajiya Galila, mai gamusa uku da murya ɗaya da ake ji har bakin kwata. Da watan Ba'una ya kama, watan da zafinsa ke fasa dutse, madara ta fara lalacewa. Ka zuba da safe, kafin washegari ta yi yauƙi kamar miyar lalo, ta yi ɗaci, ga wani wari. Mai ba ya tasowa, cuku ba ya kamawa. Ba gidanmu kaɗai ba, layin gaba ɗaya. Mu wanke kasake da sabulun ruwa har su yi ƙamshin lemo, mu kife su a inuwa, gobe a sake. Firiji ba ya ɗaukar kasko goma, wutar ma ana ɗauke ta rabin yini. Kaji da karnuka suka yi ƙiba a shekarar nan.

Gida ɗaya ne madararsa ba ta tsinke ba. Ranar Talata Gwaggo kaɗai ke fita da mai fari tas a kwano, ta sayar kafin hantsi.

Ai kuwa ba a daɗe ba Hajiya Galila ta tara mata a tsakar gidanmu. Ta yanka 'yar tsana ta takarda, tana soka mata allura tana cewa, daga idon wance, daga idon wance, har ta zagaye layin. Ta jefa takardar a garwashi, ta ɗora dunƙulen alif. Alif ya narke ya kumbura, ya yi wani rami a gefe ɗaya. Alif dai kowa ya san haka yake yi a wuta. Amma Hajiya ta dafe ƙirji.

“Ku duba, jama'a! Ido ɗaya a ƙanƙance. Ni ban kira sunan kowa ba.”

Ba ta kira ba, amma duk suka juyo suna kallona.

Washegari da hantsi Gwaggo ta shigo, don ta ji ana zubar da madara. Ko sallamarta Hajiya ba ta amsa da kyau ba. Gwaggo ta wuce kai tsaye ta ɗauki kasko ɗaya daga inda muka kife su, ta shinshina, ta yamutsa fuska.

“Galila, wannan yaushe rabonsa da wuta?”

“Wace wuta kuma? Sau biyu ake wanke shi da sabulu.”

“Sabulu! Faranti ne? Ƙasa ce fa, shan abu take yi. Madarar jiya na cikin jikinsa, ta shekaranjiya na ciki, ga sabulunki a kai, kin kife shi da danshi. Ruwa ba ya tsami banza. Ku kawo su tanderuna yau ɗin nan, ba na son ko sisi.”

“Mu kai miki kasakenmu? Abin da ido ya yi daga nesa bai ishe ki ba, sai kin sa hannu?”

Gwaggo ta yi tsaye da kaskon a hannu. “Idon wa?”

“Ke dai Allah ya ba kowa nasa. Wanda bai samu ɗa ba ya yi haƙuri, kada ya huce a kan madarar masu 'ya'ya.”

Ina tsaye a bakin ɗakin madara. Ƙanwar ubana ce aka faɗa wa wannan maganar, matar da ta yi mini wankan jego da hannunta, kuma ban ce uffan ba. Gwaggo ta ajiye kaskon a hankali kamar ƙwai, ta fita.

Daga ranar layin ya juya mata baya. In ta doso, a rufe ƙofar garke. Mata su buɗe mata yatsu biyar a bayan mayafi. Matar da Gwaggo ta gasa wa gurasar bikinta kyauta ta shafa wa tata ƙofar jini da shuni don kare kanta daga idon Gwaggo. Aka yi suna gida biyu ba a gaya mata ba. Waɗannan fa mutanen da suka ci daga hannunta shekara talatin ne, kuma ba a taɓa jin cikin ɗayansu ya murɗa ba.

Nawa laifin ga shi. Wata safiya na fito daga garke da bokitin madara, sai ga ta tafe da ciyawa a ka. Ban yi tunani ba, hannuna ne kawai ya ja gefen mayafina ya rufe bokitin. Ta gani. Ta ce, “Ina kwana, Wahiba,” ta wuce. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Kwana uku ban iya cin abinci ba. Rana ta huɗu, da Hajiya ta tafi gaisuwar mutuwa ƙauyen gaba, na zuba kasake shida a buhu na bi ta bayan gida. Na tarar da ita tana fitar da gurasa.

“Gwaggo, ki yafe mini.”

“Ajiye su can. Kin wanke da me?”

“Da sabulu.”

“Jakar gidan Galila. Ɗora ruwa ya tafasa.”

Ta sa na dirje su da ruwan zafi da soson dabino, ba sabulu. Ta jera su a tanderu. Tana aiki tana faɗa, ba ta ko kallona. In wanke hantsar gamusa da hannuna kafin tatsa. In tafasa ƙyallen tata kullum, in daina rataye shi a ƙusar garke ƙudaje na biki a kai. Kada in ƙara zuba madarar yamma da ɗuminta a kan ta safe da ta huce, don ƙyashin wanke kasko ɗaya. Wadda za a sha kuwa in tafasa ta nan take, in tsoma tukunyar a ruwan sanyi ta huce da wuri, in rufe. Da la'asar ta ƙwanƙwasa su duka suka yi ras.

Madarar da na zuba a kasake shidan nan ta kwana biyu lafiya lau, mai ya taso kauri kamar tafin hannu. Na ɗauko ɗaya da murna na kai gaban Hajiya, na faɗa mata duk abin da na yi. Wautata, na zaci magana ta ƙare.

Ta leƙa kaskon, ta ɗanɗana da yatsa, ta gyaɗa kai.

“To, ga shi nan. Kin je kin roƙe ta, ta ɗauke idonta daga kanki don ke jininta ce. Da ma na faɗa.”

Kafin magariba layin duka ya ji cewa Nabawiyya ta amsa laifinta. Ku gaya mini, da me ake gardama da irin wannan kai? Madara ta lalace, ita ce. Madara ta gyaru, ita ce. Na yi ihu a tsakar gida har Ragab ya ce in rufa masa asiri, uwarsa ce.

Abin da ya kawo ƙarshensa wata likitar dabbobi ce da aka turo yi wa garke allura, 'yar birni mai farar riga da gilashi. Hajiya ta kai mata kuka, har da labarin alif. Likitar ta shinshina kasko, kamar yadda Gwaggo ta yi, ta ce ƙwayoyin cuta ne ke ɓuya a jikin ƙasar, sabulu ba ya kai musu, sai zafi mai tsanani na sa'o'i. Ta ce, “Ba ku da tanderun ƙasa a nan?” Mata suka yi ta gyaɗa kai suna cewa ilimi daɗi. Magana ɗaya ce da ta Gwaggo, ba ragi ba ƙari, sai dai wannan ta zo a mota.

Sun gwada tanderun gas, kasake suka yi ta fashewa, tukunyar gas kuma ta ƙare a kwana uku. Ranar Alhamis sai ga su a ƙofar Gwaggo, mata tara, kasake a ka, Hajiya Galila a gaba tana washe baki.

“Nabawiyya 'yar'uwa, kin ɓuya! Mun ce bari mu zo mu tayar da al'adar iyaye.”

Ko ɗaya ba ta ce mun yi kuskure ba. Ina wurin, na ƙudurta a raina in Gwaggo ta ce in kore su, da muciya zan bi su. Sai Gwaggo ta ja baƙin mayafinta ta rufe fuskarta har haɓa, ta juya ta fuskanci bango.

“Wahiba, ce musu su ajiye a ƙasa su tafi. Kada idona ya faɗa kan kayansu.”

“Haba Nabawiyya, wasa ne fa...”

“Wahiba, ce mata madara ba ta yi mini komai ba, zan gasa. Su zo da la'asar.”

Ta gasa. Shekara shida tana gasa kasaken layin nan duk Alhamis, ba ta karɓi ko ƙwai ɗaya ba, madara kuma ba ta sake yauƙi ba. Amma ba ta ƙara taka gidan kowa ba, biki ko suna ko mutuwa. In za ta wuce layi kanta a ƙasa yake, tana kallon yatsun ƙafarta. Matar da da ke tsayar da mutum a hanya ta faɗa masa ƙullinsa ya yi ruwa! Yaran da aka haifa a shekarun nan sun taso suna jin ana cewa a rufe bokiti in ta zo wucewa, don iyayensu ba su taɓa zaunar da su sun warware maganar ba. Warwarewa na nufin su ce sun yi ƙarya, su kuwa ba za su iya ba. Ni kaɗai take kallo a ido, ni ɗin ma sai bayan shekara guda.

Ranar da ta rasu suka cika tsakar gidanta da baƙaƙen kaya, suka zauna jingine da tanderun suna shan gahawa. Hajiya Galila ta fi kowa kuka. Ta share hawaye ta ce, “Allah ya ji ƙan Nabawiyya. Wallahi hannunta akwai albarka.”

Mata suka ce amin.

Na ajiye tiren gahawa a ƙasa na ce, “Idonta fa, Hajiya?”

Na tsaya ina bin su da kallo ɗaya bayan ɗaya, kowace ta sunkuyar da kai tana kallon yatsun ƙafarta.