Na haye gada don tanderun cikin mota

Bromakoté, biyar da rabi

Ina sallame Asuba na yafa mayafi, na sa ashana a lalita. Shekara bakwai rabona da haye gadar Abidjan zuwa Treichville, gwiwa ta hana ni. Amma jikata Nafisa ta yi waya tana kuka. Ta bar aikin kanti don ta riƙa gasa gato, wato kek, tana sayarwa cikin wata mota da mijinta Alhasan ya ɗauko a tashar jirgin ruwa, irin wadda Turawa ke kwana ciki, har da gado da murhu. Murhun sama na ci, tanderun ƙasa ya ƙi. Alhasan ya ce in Azahar ta yi bai kama ba, mota ta koma wa mai ita. Ni kuwa shekara hamsin ina soya ƙosai a unguwarmu Adjamé, ba wutar da ta taɓa gagara ta.

220 Logements, shida saura kwata

A ƙafa na iso, ina hutawa. Gbaka, ƙaramar bas ɗin nan, ba ta shiga inda za ni, sai na tare jar tasi. Direban Bajula ne, ɗan arewacin ƙasar, ya tambaya ko asibiti. Na ce gyara za ni. Ya dube ni ta madubi, muka wuce unguwar Plateau. A bakin gada ɗan sanda ya tsayar da mu, ya duba takardu, ya gaishe ni da Faransanci, na amsa masa da Hausa. Bakwai da 'yan mintoci muka sauka.

Arras, Treichville

Motar na tsaye bayan wani gareji. Nafisa ta kama ni na hau. Hancina ya riga idona, gas ne ko'ina. Na sa aka buɗe ƙofa da tagogi, na ce ba mai ƙyasta komai sai na karya. Aka sayo mini acheke, dambun rogon nan, da soyayyen kifi.

Mai garejin ya ce tanderun ya mutu, su uku sun gwada. Na ce a gwada in gani. Nafisa ta durƙusa, ta danna makunni, ta miƙa ashana can ƙurya. Wani ɗan harshen wuta shuɗi, kamar ƙwayar shinkafa, ya tashi. Ta fizge hannu, ya mutu. Sau uku haka. Ba laifinta ba ne, duk ɗan Abidjan da tsoron tukunyar gas aka raine shi: kunna, janye hannu. Takardar bayanin da ke jikin ƙofar kuma ta goge.

Na lura muddin yatsanta na kai, wutar na nan. Aka shimfiɗa mini kwali, na durƙusa da ƙyar.

Nafisa ta ce, "Meme, Kaka, bari, zai fashe!"

"Ke, gawayi ma ba a barin sa sai ya kama. Riƙe mini ashana."

Na danna, ta kunna, na ƙi saki. Na karanta Fatiha uku a natse. Babban yatsana na danne da makunni. Da na ɗaga shi a hankali, ɗan harshen nan ya tsaya da kansa. Na murɗa makunni, babbar wuta ta bi layi, fuu. Ashe ƙaramar ce ke tayar da babbar, sai ta ji ɗumi take zama.

Na sa Nafisa ta kashe ta sake kunnawa da hannunta, sau biyu, don ba kullum zan haye gada ba. Alhasan ya iso sha biyu da rabi da direban da zai mayar da motar, ya tarar da ƙamshi. Ya sunkuya ya leƙa, ya daɗe. Sai ya juya ya ba direban haƙuri.

Gida

Shi ya kawo ni har ƙofa, La'asar sakaliya, da gato na farko a cinyata, gefe ɗaya ya ɗan ƙone. Ban bari an yanke wajen ba, haka na raba wa maƙwabta. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa mai garejin da ya taimaka aka ɗaga ni daga ƙasa. Nafisa ta ce Litinin za ta fara.