Shekarar da Na Rufe Ɗakina a Waca

Bayan farin nan da ya cinye dabbobin mutane, da Allah ya kawo damina mai kyau, maigidana ya tayar mini da bangon sabon ɗaki a gidanmu na Waca. Kafin a kai ga rufi sai tafiya ta kama shi, ya kora shanun fatake zuwa Kano.

Na yi ta jira har gabas ta fara haɗa baƙin hadari. Ran nan na je zaure na durƙusa gaban surukina.

"Baba, ruwa zai cinye bangon nan."

Ya ce, "Ni ƙafafuna sun ƙi. Ke za ki iya, 'yata?"

Na ce zan iya. Na tashi ƙafata ko taɓa ƙasa ba ta yi don murna.

Da azara na fara. Yayana na Sassumbrum yana da giginyar da iska ta kayar, ya faskare ta ya ɗoro wa raƙumi. Na sa aka kwaɓa ƙasa da ciyawa aka bar ta ta jiƙu, sannan na aika Magarya aka zo da wani dattijon magini.

Yana shiga ya gwada azarar da faɗin ɗakin, sai ya girgiza kai.

"Uwar gida, mijinki ya zuba faɗi, azarar ba za ta kai ba. Ko a kafa ginshiƙi a tsakiya, ko a ɗaura baka daga bango zuwa bango, ya ɗauki nauyin rufin."

Ya lanƙwasa hannunsa ya nuna mini. Na taɓa ganin irinsa a gidan wani attajiri, na kwana ina mafarkinsa.

"Baba magini, baka nake so."

Maƙwabta suka yi ta dariya, wai ɗakin mace da baka. Surukina ya ce shi dai ya ba ni aikin, a bar ni.

Baka ba ya son gaggawa. A ɗaure azara, a shafe da ƙasa, a jira ta bushe, a ƙara. Kullum da safe sama nake fara dubawa. Ranar da ɓangarorin bakan biyu suka haɗu a tsakiya, ban san sa'ad da na rangaɗa guɗa ba.

Sai na kira gayya. Na dama fura babbar ƙwarya, mata suna jigilar ruwa daga rijiya, maza suna cilla curin ƙasa sama ana cafewa, mai ganga yana zuga su. Ni kuwa ina zagawa, muryata har ta dushe: nan bai ji ƙasa ba, can a ƙara gangara. Ana saka indararo iska ta taso, aka yi yayyafi kawai ya wuce.

Babban ruwan sai bayan mako ya zo. Na tsaya tsakiyar ɗakin na ɗaga kai ina jira. Ko ɗigo.

Maigidana ya dawo ana noman farko. Ya shiga ya ɗaga kai har hularsa ta faɗi.

"Wa ya sa aka yi wannan?"

Daga waje surukina ya ce, "Tambayi matarka."

Ya dube ni, ya sake duban bakan, ya fashe da dariya. Da yamma shi da kansa ya riƙa jawo abokansa su zo su gani.