Saurin Yaya Sharhabil

Yayanmu Sharhabil bai taɓa iya jira ba. Tun muna yara a Unguwar Rimi da zafinsa yake kwankwaɗar shayi, ya ƙona harshe, sannan ya yi ta fariya ya riga kowa gamawa. Da ya girma ya karanci kwamfuta, ya samu aikin rubuta manhaja a wani ofishi, sai ciwon ya samu wurin zama. A wurinsa duk mai rubutu da yaren Python malalaci ne, wai yaren jan ƙafa yake yi. Shi da yaren C yake rubutu, ko da aikin mako zai cinye masa watanni. Duk wani ado a allon kwamfuta kuwa, hoto mai motsi ko manyan maɓallai, cin ƙwaƙwalwar na'ura ne a banza. In ya fara wannan wa'azi a wurin suna, sai kowa ya tuna bai yi alwala ba.

Babanmu ya yi ritaya, idonsa ya yi rauni, ya daina tuƙi. Abin da ya rage masa shi ne tsohuwar kwamfutarsa ta falo. Nauyi gare ta, ba musu. Sai ya kunna ta ya je ya sha koko ya dawo kafin ta gama tashi. Amma tana da manhajar da ke ƙara girman rubutu, kowane harafi kamar ɗan yatsa, da ita yake karanta jaridu da tafsiri har azahar.

Wata Asabar Yaya ya zo ya ga tana wannan jan jiki, ransa ya ɓaci kamar an zage shi. Ya share komai, ya sa wani tsari mara nauyi: baƙin allo, rubutu ƙanana kamar tururuwa, ba wurin dannawa da linzamin kwamfuta, sai dai ka haddace maɓallai. Mai ƙara girman rubutun ita ya fara cirewa, wai ita ke cinye rabin ƙarfin na'urar. Ya kunna, kafin ƙiftawar ido ta tashi. Ya tambayi Baba ya ya gani.

Yaya ɗan fari ne. Baba ko sunansa ba ya faɗa don kunya, balle ya kushe aikinsa a gabansa. Ya dubi allon da ba ya ganin komai a kai, ya ce, "Madalla. Allah ya yi albarka."

Ni ce ƙanwarsa, na kira shi na gaya masa Baba ba ya iya karatu. Ya ce ai Baba bai yi ƙorafi ba, ni ce ban san kwamfuta ba. Na ce zan kai wa mai gyara kwamfutar a Kurmin Mashi, Baba ya hana, wai kada a ji an warware aikin yaron. Kullum da safe yana kunna ta, ya zauna a gabanta shiru. Wannan zama ya fi komai ƙona min rai.

Da babbar salla Yaya ya zo, kafin ya gama gaisuwa ya nufi kwamfutar. Ya yi ɗan danne-danne, ya juyo wurina yana murmushi.

"Lubna, zo ki gani. Ko sau ɗaya ba ta tsaya ba. Ƙwaƙwalwarta wasai, kamar ba a taɓa buɗe komai a cikinta ba."