Jegona a Ɗakin Kwano

Shekarun baya can, ba a daɗe da samun mulkin kai ba, na koma gidanmu a Wurma goyon ciki. A Dutsin-Ma nake aure, amma haihuwar fari a gaban iyaye ake yin ta. Yarinya ce ni a lokacin, ga rawar kai ga baki.

A shekarar gyaɗa ta yi wa mahaifina kyau, ya gina ɗaki ya rufa shi da kwano, ya shafe bangon har sama, ya sa ƙyauren katako mai rufuwa ruf. Sauran ɗakunan gidan duk na ciyawa ne. Shi kansa bai kwana a ciki ba, ya ce ni zan fara shiga. Na yi ta hura hanci kamar ni na sayo kwanon.

Cikin marka na haifi ɗa namiji. Gwaggona, yayar mahaifina, ita ta karɓi wankan jego. Ta yi wa mata da yawa, kuma ba abin da take tsoro a duniya irin sanyi ya shiga mai jego. Wankan ruwan zafi safe da yamma, kunun kanwa, sannan in hau gadon ƙasa da aka zuba wa garwashi a ƙarƙashi. Ga kuma kunyar ɗan fari. Ba na kallonsa a gaban manya, ko kuka yake yi sai an miƙo mani shi, in karɓa ina ɗaure fuska. A raina kuwa ji nake kamar in haɗiye shi don so.

Wata rana bayan suna aka wuni ana ruwa. Da aka yi azahar Gwaggo ta cika ramin gadon da garwashi, ta ƙara wani a kasko, ta toshe 'yar tagar da tsumma, ta ja ƙyaure. Ta kwantar da yaron a tabarma kusa da ita, ta ɗauki mazari tana kaɗi.

Can sai kaina ya fara sarawa, zuciyata na tashi. Na ce, "Gwaggo, kaina."

Ta ce, "Jego ne, ɗiyar nan. Kwanta."

Na kwanta, amma ina satar kallon yaron. Lokacin shan nononsa ya wuce, shi da ba ya ɗaga ƙafa, ko motsi bai yi ba. Na dubi Gwaggo, matar da ban taɓa ganin ta yi barcin rana ba, sai ga mazari ya faɗi daga hannunta, kanta ya langaɓe. Wallahi har a lokacin sai da na tsaya ina tunanin abin da za a ce idan na ɗauke shi da kaina. Kun ji wauta.

Na sauko, ƙafafuna suka ƙi ɗaukata. Da rarrafe na isa gare shi, na sungume shi, jikinsa laƙwas. Na bangaje ƙyauren da kafaɗa na faɗa cikin ruwan sama ina ihu, "Inna! Ɗana! Ɗana ba ya motsi!"

Mahaifiyata ta fito daga madafa a guje, ta fizge shi, tana murza masa baya tana hura masa iska a fuska tana salati. Ban san tsawon lokacin ba. Na dai san ya yi wani ɗan tari, sannan ya callara kuka, ni ma na fashe da nawa ina zaune cikin taɓo.

Mahaifina ne ya jawo Gwaggo waje. Ta yi amai, ta buɗe ido, ta gan ni jiƙe sharkaf. Abin da ta fara cewa shi ne, "Ku maida ta ɗaki, sanyi za ya kashe ta!"

Ba wanda ya motsa. Mahaifina ya tsaya a ƙofar ɗakin yana kallon rufin nan da yake alfahari da shi. Ya ce, "Ɗakin ciyawa yana numfashi. Wanga babu inda iska za ta hita." Gwaggo ta ce, "To mi ya kawo zancen iska, garwashi ne fa, ko hayaƙi babu." Ya ɗauko diga ya fasa kafofi a ƙarƙashin kwanon. Na ji tausayinsa ƙwarai.

Sai da na tsufa wata jikata da ta yi karatun kimiyya ta bayyana mani cewa garwashi a rufaffen ɗaki yana cinye iska mai kyau, ya saki wata guba da ba ta da launi ba ta da wari, mutum ya yi ta jin barci har ya wuce. Ba na ganin laifin kowa. Gwaggo ta yi abin da ta gada, an canja mata ɗaki ba ta sani ba.

Bayan faruwar abin Gwaggo ta ɗan yi kwanaki ba ta kula ni, ni na ɗauka fushin rashin kunyata ne. Wata safiya ta shigo da kunu, ta bar ƙyauren a buɗe, ta tokare shi da turmi. Ta ɗauki yaron ta daɗe tana sauraron numfashinsa, sannan ta ɗora mani shi a cinya.

Ta ce, "Riƙe abinki a kusa. Ki dube shi da kyau, ni na kau da kai, ba na gani."