Kaset Ɗin da Na Zare Daga Kunnen Hamidu

Shekara shida ke nan cif da muka kai ƙanena Hamidu makwancinsa, amma mako uku da suka wuce ne na san wanda na binne. Ni ne wansa, uwa ɗaya uba ɗaya, ni na gaji makarantar mahaifinmu da ɗan masallacin zaurensa a Zangon Wagadugu, ni kuma na yi limancin jana'izarsa. Mutanen unguwa sun san ni da faɗa da saurin yanke hukunci, ban kuwa taɓa musantawa ba. Yau dai kaina zan yi wa faɗan.

Hamidu ya rasu yana da shekara ashirin da bakwai. Tun yana ƙarami ba ya son hayaniya. In mobilet, wato ƙaramin babur, ya wuce ta lungunmu sai ya dafe kunnuwansa biyu ya runtse ido. In mata suka rangaɗa guɗa a gidan suna, sai a neme shi a rasa, daga baya a same shi a bayan randa. Maganarsa kaɗan ce, ba ya kallon mutum cikin ido, kuma yana da wani ɗan gunji da yake yi a maƙogwaro, baki rufe, yana hawa yana sauka, daga safe har yamma. Amma fa hannunsa da aiki. Wani ɗan kasuwa mutumin Nijar ya ɗauke shi tsintar goro a kasuwar Sankaryare, ya kuma sha faɗa mini cewa ko a cikin huhu guda Hamidu ba ya barin ruɓaɓɓe ɗaya ya tsallake.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, bai taɓa ɗaukar abin da zafi ba. Shi mutum ne mai sanyin murya, ko karatu yake yi sai ka matso kusa kafin ka ji. Da hantsi yakan zauna a zaure da Alƙur'aninsa, Hamidu ya zo ya raɓe a gefensa, su yi awa guda babu mai ce wa wani uffan. Ni a lokacin gani nake shagwaɓa ce kawai. Wani direba abokin Baba ya kawo wa Hamidu ɗan rikoda na aljihu mai igiyar kunne, irin wanda yaranmu ke kira baladar. Tun daga ranar igiyar nan ba ta bar kunnensa ba. Da ita yake ratsa kasuwa, da ita yake tsallaka kwalta, da ita yake cin tuwo. Kaset ɗaya tak gare shi, ba ko rubutu a jikinsa.

Da Baba ya rasu, abu na farko da na yi shi ne ɗaura lasifika a kan zaure. Sauran masallatai duk suna da ita, me zai sa namu ya zama kurma? Ranar da aka fara kiran salla da ita, Hamidu yana alwala a ƙofar gida. Ya yar da butar, ya dafe kunnuwa a kan igiyar, ya durƙusa yana wannan gunji da ƙarfi, a gaban jama'a. Haka ya yi da la'asar, haka ya yi washegari. Ba a yi mako ba magana ta zagaya Zango: ƙanen malam yana toshe kunne in an ambaci Allah. Wani tsoho ya tare ni bayan sallar Juma'a ya ce, "Malam, kana yi wa na waje magani, na cikin gidanka fa?" Maganar nan ta soke ni. In faɗi gaskiya, sunana ne ya dame ni a ranar, Hamidu bai ko zo mini a rai ba.

Sai kuma rusau ya zo. Waɗanda suka zauna a tsohon Zango da unguwar Peuloghin sun san abin da nake faɗa. Katafila tana ruri tun safe, bango yana faɗuwa, kwano yana ƙara. Mu masu lafiyar kunne ma kanmu ya yi ciwo, balle shi. Muka koma sabon fili can wajen unguwar Waga 2000, ɗaki na siminti da rufin kwano wanda ko cokali ya faɗi sai ya amsa. Zauren Baba na ƙasa, mai sanyi, mai shiru, ya tafi. Hamidu ya daina barci sosai, ya rame, gunjin ya ƙaru, har yakan buga kansa da bango.

A wajenmu malamai akwai gwajin da kowa ya sani. In ana zargin iska ta shafi mutum, sai a karanta masa ayoyi a kunne da babbar murya. In ya natsu, lafiya lau. In ya yi ihu, ya toshe kunne, ya nemi gudu, to an kama mai laifi. Na gayyato wani malami da ya yi suna a wannan aiki, ba zan faɗi sunansa ba, don abin da ya yi ni na sa shi. Ƙarti huɗu suka danne Hamidu a tabarma da rana tsaka. Malamin ya kafa baki a kunnen dama, ni a na hagu, muka ɗaga murya iya ƙarfinmu. Hamidu ya yi ta sandarewa yana cewa, "Yaya, a hankali! A hankali!" Muka dubi juna muka ce to, ga shi nan ya fara roƙo. Muka ƙara murya.

Ya Salam! Ko yanzu da na rubuta wannan sai da na ajiye alƙalami na fita waje na dawo.

Da muka gama, malamin ya nuna rikodan ya ce ta nan iskokin suke yi masa magana, gunjin nan kuwa waƙarsu ce yake maimaitawa. Na miƙa hannu na zare igiyar daga wuyansa. Inna, mahaifiyarmu, ta fito daga ɗaki ta ce, "Idi, ka bar masa abinsa." Na ce mata wannan ba maganar mata ba ce. Na naɗe rikodan a tsumma, na jefa ƙasan akwatin littattafan Baba, na sa kwaɗo. Ban saurari kaset ɗin ba. Wai ni malami, ina ni ina sa waƙar iskoki a kunnena.

Kwana goma sha ɗaya ya yi babu shi. Kullum da safe sai ya tsaya a bakin ƙofata, hannunsa a miƙe. Kullum sai in ce ya wuce ya tafi aiki. A rana ta goma sha ɗaya, a bakin Sankaryare, wata babbar mota ta danna oda a bayansa. Waɗanda suka gani sun ce ya dafe kunnuwa, ya runtse ido, ya zabura a guje ya faɗa tsakiyar hanya. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. A wajen zaman makoki na ji mutane suna cewa Allah ya raba shi da iskokin, na kuwa amsa da amin. Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba shi ne, da na tsaya a kan gawarsa na yi kabbara, akwai shakka a zuciyata. Ina tambayar kaina, mutumin da ya yi ta gudun kalmar Allah, a wane hali ya cika? Shekara shida ina ɗauke da wannan shakka.

Yanzu ga abin da ya faru mako uku da suka wuce. 'Yata Rakiya ta zo da ɗiyarta Nafisa, mai shekara huɗu. Yarinyar ba ta magana sosai, in an kunna injin niƙa sai ta dafe kunne ta ƙwalla ƙara. Dangin ubanta sun ce a kawo ta wurin kakanta malami a yi mata gwajin nan. Na ce to, aikin gida ne ai. Na buɗe akwatin Baba in ɗauko kundin addu'o'insa, sai tsumman nan ya faɗo. Rakiya haifaffiyar birni ce, Hausarta rabi Faransanci. Ta ɗauka ta warware ta ce, "Baba, wannan ba baladar ɗin Baffa Hamidu ba ne? Me ke ciki?" Na ce ban sani ba, ba na kuma son sani. Ta dube ni ta ce, "Ka ƙwace abu shekara shida ba ka san mene ne ba?" Kafin in buɗe baki ta zare pil biyu, wato batir, daga tocilan ta sa, ta danna, ta miƙo mini igiyar.

Muryar Baba ce. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Muryar mahaifina, yana karanta surar da yakan karanta da hantsin Juma'a, a hankali, da wannan sanyin nasa. A bayansa ina jin taɓaryar Inna, ina jin kurciya a kan katangar tsohon gidanmu. Can ƙasa-ƙasa kuma ga gunjin Hamidu, yana hawa inda Baba ya hau, yana sauka inda Baba ya sauka, yana tsayawa inda Baba ya ja numfashi. Gunjin da muka kira waƙar iskoki ashe ƙira'ar ubanmu ce, ba kalmomi kawai. Ni da na yi sauka a gaban mutumin nan, ni da nake taƙamar na gaje shi, na yi shekaru ina jin karin karatunsa a bakin ƙanena ban gane ba. Na zauna a ƙasa daɓas.

Rakiya ta juya kaset ɗin. Ɗaya gefen babu karatu, babu magana. Ɗan shuu ne kawai, sai kurciya jefi-jefi. Na daɗe kafin na fahimta. Hamidu ya ajiye rikodan a zaure lokacin da babu kowa, ya ɗauki shirun wurin ya adana. In duniya ta yi masa yawa sai ya saurari Baba, in ta fi haka yawa sai ya juya ya koma zaure. Wannan ne na kulle a akwati, sannan na tura shi kasuwa.

Ban yi wa Nafisa gwajin ba. Muka kai ta wurin wata likitar yara, ta duba ta sau biyu, ta kira abin da Faransanci, otisim. Ta ce a wurin wasu masu wannan hali sauti yana shiga ne babu tacewa, kusa da nesa duk ɗaya, ƙarar da ni zan ji in wuce shi zafi take yi masa kamar an soka tsinke. Ta ce kowanne da dabararsa, wani gunji, wani kiɗa ɗaya da yake maimaitawa, wani ɗaki mai shiru, kuma kada a raba shi da dabarar. Ban ce kowa da ya toshe kunne haka yake ba, ban kuma ce babu iska a duniya ba, ni ba likita ba ne. Abin da na sani shi ne gwajinmu ba ya bambance mai gudun aya da mai gudun ihu. Duk wanda ke da kunne irin na Hamidu dole ya faɗi wannan gwaji, ko da waliyyi ne.

Ina tunanin abin da zai ce da ya ga Wagadugun yau. Ko'ina ka duba samari ne da igiya a kunne, a kan mobilet, a layin famfo, a ƙofar masallaci. Ɗalibaina ma da waya suke sauraron ƙira'a, ni kuma ina sa musu albarka. Abin da aka danne shi a tabarma saboda shi, yau ado ne. Na san ba zai ce komai ba, ba halinsa ba ne. Zai dai miƙo hannu kamar yadda ya yi kwana goma sha ɗaya.

Na kai wa Inna kaset ɗin. Ta tsufa, idonta ya yi rauni, amma kunnenta garau. Ta saurara har gefen ya ƙare, hawaye yana bin fuskarta. Na ce, "Inna, kin san abin da ke ciki?" Ta ce, "Ni da nake daka a ciki? Na gaya maka ka bar masa." Da ma ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Hamidu bai bar mata ba, bai bar ɗa ba, gidan da aka haife shi ma babu shi. Kaset ɗaya ya bari, da shaidar da ya kamata in bayar tun ranar jana'iza. Ga ta yanzu, ku mutanen Zango da kuka ji na ce amin: ƙanena bai taɓa gudun kalmar Allah ba. Ya fi ni zama da ita, lasifikata da ihuna ya guda. Allah ya jiƙansa, ya haɗa shi da Baba, ni kuma ku taya ni roƙon gafara.

Na sassauta lasifikar masallacinmu na sabon fili, masu gunaguni suna ta yi. Jiya da hantsi Rakiya ta kawo Nafisa. Na shimfiɗa buzu, na buɗe surar nan, na yi ƙoƙarin karantawa yadda Baba ke yi, amma muryata ta saba da faɗa, sai ta riƙa hawa. Yarinyar tana can lungu, hannuwa biyu a kunne. Na rage. Ta sauke hannu ɗaya. Na ƙara ragewa har da ƙyar nake jin kaina. Sai ta taso ta zauna a gefena, daidai yadda Hamidu yake zama kusa da Baba, ta fara ɗan gunji a maƙogwaro. Ban iya ƙarasa ayar ba.